Borin jini mai naci: Ciwon da ke ɓuya wa likita da tarkon maganin kasuwa a yankin Badaguishiri

Yakan taso ne da tsakar dare ko da asuba. Fata ta kumbura taswira-taswira kamar an zane mutum da dorina, ƙaiƙayi ya hana ido runtsawa. Amma kafin gari ya waye a nemi babur, a isa asibiti, a yanki kati, a bi layi, komai ya lafa. Ma'aikacin jinya ya duba hannu, ya duba gadon baya, ba ya ganin komai sai sawun susa.

Wannan shi ne borin jini, ciwon da takardar likita a Nijar ke rubuta wa urticaire, a Najeriya kuma urticaria. Kusan kowa ya san wanda ya taɓa yin sa. Masana sun ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin biyar kan gamu da shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa, ya kwana biyu ya wuce. Matsalar tana ga wanda nasa ya ƙi wucewa, yana tafiya yana dawowa wata da watanni, wani lokaci shekaru.

A Badaguishiri, garin kasuwa da ke gundumar Illela a jihar Tahoua, da ƙauyukan da suka miƙe zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni, mai irin wannan lalura yana tsakanin hanyoyi biyu. Ɗaya ita ce ta asibiti, mai buƙatar haƙuri da komawa. Ɗayar kuma ita ce ta mai tallar magani, wanda ke da ƙwayar da za ta kwantar da ƙaiƙayin a yini guda. Wannan ta biyun ce ke kai mutane da dama ga ciwon da ya fi na farkon muni.

Mako shida ne ma'auni

Likitocin fata sun raba borin jini gida biyu, kuma kwanaki ne ma'aunin. Wanda ya zo ya tafi cikin mako shida, shi ne na wucin gadi. Yawanci yana biyo bayan mura ko zazzaɓi, ko wani magani da aka sha, ko harbin ƙwaro, ko abincin da jiki ya ƙi. Wanda ya haura mako shida yana fitowa, ko kullum ko jefi-jefi, shi ne mai naci.

Alamarsa iri biyu ce. Ta farko ita ce tudun kumburi mai ƙaiƙayi a saman fata, wani kamar ƙwayar wake, wani kamar tafin hannu. Kowane tudu ba ya wuce sa'a 24 a wuri ɗaya. Yana bajewa ba tare da barin tabo ba, wani ya fito a wani wurin. Ta biyu ita ce kumburin da ke zuwa daga ƙarƙashin fata, leɓe ya yi suntum, fatar ido ta rufe, tafin hannu ko na ƙafa ya yi nauyi. Wannan ya fi zafi a kan ƙaiƙayi, kuma yana iya kai wa kwana uku kafin ya sace. Kusan rabin masu borin jini mai naci suna fama da duka biyun.

Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne, kusan mutum ɗaya cikin 100 yana ɗauke da nau'in mai naci. Mata sun ninka maza, kuma ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40, wato daidai shekarun aure, goyo da neman abinci. Ƙidayar 2012 ta nuna ƙaramar hukumar Badaguishiri na da mutum sama da dubu 100. Idan aka ɗora wancan ƙiyasi a kan wannan adadi, ana maganar kimanin mutum dubu ne a ƙaramar hukuma ɗaya.

Masu gadin da ke ihu ba ɓarawo

A cikin fatar kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda aikinsu gadi ne. Idan wani baƙon abu ya shigo, sai su fashe su saki sinadarai, babban cikinsu shi ne histamin. Shi ne ke buɗe ƙananan hanyoyin jini, ruwa ya tsattsafo ya taru a fata ta kumbura, shi ne kuma ke tsokanar jijiyoyi mutum ya ji kamar ya faɗa cikin ƙarara.

A borin jini mai naci, masu gadin nan suna yin kururuwa ne alhali babu ɓarawo. Bincike ya nuna cewa a wurin mutane da yawa, garkuwar jiki ce da kanta ke tayar da su bisa kuskure. Shi ya sa ake yawan samun ciwon tare da matsalar tayirod, wato ƙullin nan na gaban wuya da kumburinsa ke zama maƙoƙo.

Abu biyu ne ke fitowa daga wannan bayani. Na farko, borin jini ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta kwano ko tabarma ko gaisuwa ko kwanciyar aure, kuma uwa ba ta ba wa jariri ta nono. Na biyu, ba ƙazanta ce ke kawo shi ba, don haka yawan wanka da sabulu mai kaifi da dirzar jiki da soso ƙara hura wutar suke yi.

Ƙwai da kifi sun sha zargi

Da zarar jiki ya fara tashi, tambayar farko da ake yi a gida ita ce me aka ci. Daga nan sai a fara yanke hukunci. A hana ƙwai, a hana kifi, a hana gyaɗa da ƙuli-ƙuli, a hana wake, a hana naman akuya, a hana fara. Bayan wata uku mutum ya rame, ƙaiƙayin kuma yana nan.

Gaskiya ne akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da wani abinci. Amma wannan yana da tsari da ake ganewa: ana cin abin, cikin mintuna zuwa sa'a biyu jiki ya tashi, kuma duk lokacin da aka ci sai ya tashi, idan aka bari sai a zauna lafiya. Borin jinin da ke fitowa kusan kullum, ko an ci ko ba a ci ba, ko ana azumi, da wuya a ce abinci ne sanadinsa. A yankin da abinci mai gina jiki ke da tsada, hana mai ciki ko mai shayarwa ko yaro cin ƙwai da wake asara ce da ba ta da lada.

Idan zargin abinci ya ƙare, sai a koma kan mutane. Ciwon da ke zuwa da dare ya ɓace da safe, ya sauya wuri, ya ƙi nuna kansa gaban likita, yana da sauƙin a kira shi sammu ko jifa ko shafar iska. Daga nan kishiya ko maƙwabciya ta shiga bakin mutane, kuɗi su tafi wajen hayaƙi da turare. Budurwar da leɓenta ke kumbura kan daina fita biki da kasuwa don gudun tsegumi. Wani bincike da aka wallafa a Landan a 1997 ya gano cewa ƙuncin da masu wannan ciwo ke ciki, ta fuskar barci da aiki da walwala, ya yi daidai da na masu ciwon zuciya da ke jiran tiyata.

Akwai dai abubuwan da aka tabbatar suna tunzura ciwon ga wanda yake da shi. A sahun gaba akwai magungunan ciwon jiki irin su aspirin, ibuprofen da diclofenac, waɗanda manomi da ɗan dako da ɗan kabu-kabu ke sha kamar gyaɗa bayan aikin yini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu borin jini mai naci, jikinsu kan ƙara tashi idan sun sha su. Paracetamol ya fi zama lafiya a wurinsu. Damuwa, rashin barci, zazzaɓi da matsattsun kaya su ma suna taimakawa.

Na zafi, na sanyi, na igiyar guga

Akwai wani reshe na ciwon da ke da sanadi na zahiri, wanda idan aka gano shi an yi rabin magani. Yanayin Adar da irin ayyukan mutanenta na tayar da kusan kowane iri.

Akwai na gumi. Ƙananan ƙuraje ne kamar ƙwayar gero masu tsananin ƙaiƙayi, suna fitowa idan jiki ya ɗumama, wajen noma ko ƙwallo ko bayan abinci mai yaji, su baje cikin sa'a guda. Ya fi kama samari, kuma watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, su ne lokacin azabarsu. Ana yawan ɗaukarsa a matsayin ƙurajen zafi, amma ƙurajen zafi kan kwana da kwanaki, ba sa ɓacewa cikin sa'a.

Akwai na matsi. Inda aka ɗaure zani, inda igiyar guga ta bi a tafin hannu, inda buhun albasa ya zauna a kafaɗa, inda ƙotar hauya ta danna. Wahalar gane shi ita ce kumburin ba ya zuwa nan take, sai bayan sa'a huɗu zuwa takwas, lokacin da mutum ya manta da abin da ya ɗauka.

Akwai na sanyi, wanda ruwan alwala da asubahin hunturu ko iska a kan babur ke tayarwa. 'Yan yankin da suka tafi Turai ko arewacin Aljeriya wasunsu can suke fara ganinsa. Wannan nau'i yana da haɗari na musamman: shiga tafki ko kogi mai sanyi gaba ɗaya na iya sa mutum ya suma a cikin ruwa.

Akwai kuma wanda fata ke zama kamar allo. Idan aka ja layi da bayan cokali, cikin 'yan mintuna layin zai kumbura ya fito ɓaro-ɓaro. Ma'aikacin lafiya na iya wannan gwaji a ɗakin duba marasa lafiya ba tare da wata na'ura ba.

Waya da biro sun fi tarin gwaje-gwaje

Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin fata da na borin jini na duniya suka sabunta, aka wallafa a 2022, ta ce babban makamin gano wannan ciwo shi ne tambaya da sauraro. Yaushe ya fara? Kowane tudu sa'a nawa yake yi? Leɓe ko ido na kumbura? Wane magani ake sha, har da na gargajiya da na kasuwa? Akwai zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi tare da shi?

Tun da ciwon ba ya jiran likita, mai shi ne zai kawo shaida. A ɗauki hoto da waya lokacin da jiki ya tashi, a wuri mai haske, a ɗan karkata wayar don tudun ya fito. Wannan yana da muhimmanci domin littattafan likita sun fi kwatanta kumburin da launin ja, alhali a baƙar fata jan ba ya cika nunawa. Sau da yawa tudun kan kasance launin fatar ne ko ya ɗan fi ta haske.

Sai gwajin biro. A zagaye tudu ɗaya da biro, a lura da lokaci, a duba gobe war haka. Idan ya baje babu tabo, borin jini ne. Idan yana nan bayan yini da kwana, yana zafi maimakon ƙaiƙayi, ko ya bar duhu a wurin, to akwai yiwuwar kumburin ƙananan hanyoyin jini ne, wanda ke buƙatar bincike na daban.

Gwajin jini da ƙa'idar ta nema kaɗan ne: ƙirgen ƙwayoyin jini da gwajin da ke nuna ko akwai kumburi a jiki. Ƙwararru kan ƙara da na tayirod. Dogayen gwaje-gwajen abinci masu tsada, waɗanda wasu ke ƙetare iyaka don yi, ba kasafai suke nuna komai ba a wannan nau'i.

A wannan yanki akwai ƙarin tambaya guda: tsutsar ciki. Masu aikin rani a fadamun Ƙonni da Galmi da kwarin Badaguishiri suna wuni cikin ruwa da laka, inda ake ɗaukar tsargiya da wasu tsutsotsi. Waɗannan na iya tayar da borin jini, kuma gwajin fitsari da na bayan gida kan bayyana su. Maganinsu ba shi da tsada.

Ba kowane ƙaiƙayi ne kuma borin jini ba. Ƙazwa tana fi da dare, tana zama a tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma tana kama gida guda. Cizon kuɗin cizo yana jeruwa a layi ya kwana biyu. Makero zobe ne mai ɓarewa da ke zama wuri ɗaya. Ƙaiƙayin da wasu ke ji bayan wanka ba ya zuwa da kumburi. Tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi kuma ba a jin taɓi a kansa, wannan na buƙatar a duba shi don kuturta.

Ƙwaya ɗaya, amma kullum

Matakin farko na magani shi ne ƙwayoyin da ke toshe aikin histamin, sababbin samfuri waɗanda ba sa cika sa barci. Sunayensu a jikin kwali su ne cetirizine, loratadine, desloratadine, levocetirizine ko fexofenadine. Loratadine na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Babba kan sha miligiram 10 na cetirizine ko loratadine sau ɗaya a yini.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne shan maganin sai jiki ya tashi. Aikin ƙwayar tare ƙofa ne kafin histamin ya iso, don haka kullum ake shan ta, ko fata tana lafiya. Da yake sau ɗaya ne a yini, azumi ba ya hana ta, ana iya sha da sahur ko bayan shan ruwa.

Ƙasa da rabin masu ciwon ne ke samun cikakken sauƙi da ƙwaya ɗaya. Idan an yi mako biyu zuwa huɗu babu canji, ƙa'idar ta ba likita damar ƙara adadin har ninki huɗu na magani iri ɗaya. Wannan hukuncin likita ne, domin sai an yi la'akari da ƙoda, hanta, shekaru da sauran magungunan da mutum ke sha. Ga mai ciki da mai shayarwa, loratadine da cetirizine ne aka fi natsuwa da su, su ma da sanin ma'aikacin lafiya. Yara kuma ana auna musu ne da nauyinsu.

Tsofaffin samfuri irin su chlorpheniramine da promethazine, waɗanda aka fi sani da Piriton ko Polaramine ko Phenergan, su ne suka fi yawa a hannun jama'a saboda araha. Suna rage ƙaiƙayi, amma suna kashe jiki har washegari. Ga direban da ke bin hanyar Tsernawa zuwa Tahoua, ko ɗan kabu-kabu, ko ɗalibi mai jarrabawa, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

Idan ninki huɗu ya gaza, mataki na gaba shi ne allurar omalizumab, miligiram 300 duk bayan mako huɗu, wadda Amurka da Tarayyar Turai suka amince da ita don wannan ciwo a 2014. Tana aiki ga mafi yawan waɗanda ƙwaya ta gaza musu, sai dai tsadarta ta fi ƙarfin talaka. Bayanta akwai ciclosporin, wanda ke buƙatar a riƙa auna hawan jini da aikin ƙoda. A 2025 Amurka ta ƙara amincewa da allurar dupilumab. Waɗannan duka na hannun ƙwararru ne.

Labari mai daɗi shi ne ciwon ba na har abada ba ne. A wurin mafi yawan mutane yana ƙarewa da kansa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyar, ko da yake wasu kan wuce haka. Aikin magani shi ne mutum ya yi barci, ya yi aiki, ya shiga jama'a har zuwa ranar. Idan fata ta daɗe lafiya, likita kan rage maganin a hankali a ga ko ciwon ya tafi.

Garin neman gira

Kamar sauran kasuwannin mako na yankin, kasuwar Badaguishiri ba ta rasa masu baza magani a tire da kwali, a rana da ƙura. A cikin kayansu akwai dexamethasone, prednisolone da betamethasone, dangin magungunan da likitoci ke kira sitiroid, a Nijar kuma kortikoyid. Wasunsu su ne ake haɗawa a cikin ƙwayoyin sa ƙiba da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Akwai kuma allurar triamcinolone, wadda aka fi sani da Kenacort, mai zama a jiki na makonni.

Ba a musun cewa suna aiki. Ƙwaya biyu, ƙaiƙayi ya tsaya cak. Wannan ne tarkon. Ana dainawa ciwon ya dawo, sau da yawa da ƙarfin da ya fi na da, sai a koma a saya. Wata uku, wata shida, shekara, mutum bai san ya zama bawan ƙwayar ba.

Jiki ne ke biyan bashin. Fuska ta yi faɗi ta kewaye, ciki ya fito, hannu da ƙafa su sirance. Dangi su yi ta barka da ƙiba, alhali ciwo ne. Fata ta yi sirara ta tsattsage a cinya da ciki. Sukari ya hau, jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ƙugu ya lalace. Yanar ido da hawan ruwan ido kan biyo baya, abin da Bahaushe ke cewa garin neman gira a rasa ido. Garkuwar jiki ta yi ƙasa, tarin fuka da ke kwance ya farka, wata tsutsar cikin ma ta bazu a jiki har ta yi kisa. A yara kuma girma ne ke tsayawa.

Saboda haka ƙa'idar duniya ta yi hani da shan waɗannan magunguna na dogon lokaci don borin jini. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne gajeren zango, bai wuce kwana 10 ba, idan ciwon ya yi mummunan tashi, kuma bisa umarnin likita.

Wanda ya riga ya daɗe yana sha, kada ya yanke rana ɗaya. Jikinsa ya rage yin nasa sinadarin, don haka tsayawa kwatsam na iya kawo kasala mai tsanani, amai, faɗuwar jini, har da mutuwa. Abin yi shi ne a ɗauki kwalin ko fallen maganin a kai wa ma'aikacin lafiya, ya tsara yadda za a rage shi sannu a hankali, a kuma auna sukari da hawan jini.

Daga ina za a fara?

Tsarin lafiya a Nijar hawa-hawa ne: ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar CSI, sai asibitin gunduma kamar na Illela ko na Ƙonni, sai babban asibitin jiha a Tahoua, mai nisan kusan kilomita 50 daga Badaguishiri. A gundumar Malbaza akwai asibitin Galmi, wanda ke aiki tun 1950. Likitocin fata ƙalilan ne a ƙasar, kuma akasarinsu suna Yamai, inda cibiyar ƙasa ta cututtukan fata da kuturta take. Mutanen Ƙonni kuma sun saba ƙetarawa ta Illelar Najeriya zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

Amma mafi yawan masu borin jini mai naci ba sa buƙatar wannan doguwar tafiya. Tambayoyin, hoton waya, gwajin biro da ƙwayar kullum duka ana iya yin su a CSI ko asibitin gunduma. A 2024 gwamnati ta sanar da rage kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da rabi a asibitocinta. Abin da ake buƙata shi ne a tsaya wa wuri ɗaya, a riƙa komawa da kati ɗaya. Wanda ke sauya asibiti duk wata, kullum daga matakin farko ake fara masa.

Likitoci na amfani da wani lissafi mai sauƙi da kowa zai iya yi a takarda ko a waya. Kowace rana a ba yawan kumburi maki daga 0 zuwa 3, a ba tsananin ƙaiƙayi maki daga 0 zuwa 3. Jimillar mako tana tsakanin 0 da 42. Da wannan takarda ma'aikacin lafiya zai ga ko maganin yana ci, ko da ranar zuwan fata tana sumul.

Lokacin da ba a jira gari ya waye

Borin jini mai naci shi kaɗai ba kasafai yake barazana ga rai ba. Amma idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya yi wuya, haɗiyar yawu ta gagara, ko mutum ya ji jiri kamar zai faɗi, musamman jim kaɗan bayan allura, shan magani, cin wani abu ko harbin zuma, wannan gaggawa ce. Maganinta allurar adrenalin ce a asibiti mafi kusa. Ƙwaya da jiƙo da shafa mai ba sa tare ta.

Masu hawan jini su ma su lura. Magunguna irin su captopril, enalapril da lisinopril na iya kumbura leɓe da harshe ba tare da ƙaiƙayi ba, ko da an yi shekaru ana shan su lafiya, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata. Duk wanda ya ga haka ya nufi asibiti da kwalin maganin a hannu, domin a sauya masa wani.

Aikin wanda ke aiko da kuɗi

Jihar Tahoua ta yi suna wajen tafiya ci-rani. Da wuya a sami gida a Adar da ba shi da ɗa a Abidjan, Legas, Libiya, Aljeriya ko Kamaru. Su ake kira idan jikin inna ko matar gida ko ƙanwa ya tashi, su ne ke turo kuɗin magani, kuma sau da yawa maganarsu ce ke yanke inda za a je. Wasu har aiko da ƙwayoyi suke yi, bisa shawarar abokin aiki ko saƙon murya da ke yawo a WhatsApp.

Wanda ke nesa na iya taimakon da ya fi kuɗi. Ya nemi a turo masa hoton kwalin duk maganin da ake sha, ya karanta sunan. Idan ya ga dexamethasone ko prednisolone ko betamethasone kuma an wuce kwana goma ana sha, ya matsa a je asibiti da kwalin. Ya tambaya ko an haura mako shida, ko an ɗauki hoton fatar, ko an yi gwajin tsutsa. Maimakon kuɗin allura ɗaya mai kwantar da ciwo na wata guda, ya tanadi na ƙwayar kullum ta wata uku daga kantin magani mai lasisi, da kuɗin motar komawa ganin likita.

Tun 2014, ranar 1 ga Oktoba ce aka ware don wayar da kai kan borin jini a duniya. A yankin Badaguishiri ranar kan faɗo ne a tsakiyar kaka, lokacin girbin gero da wake, lokacin da ƙaiƙayin hatsi da gumi ke ƙara tayar da fatar masu ciwon, kuma lokacin da ɗan kuɗi ke shigowa hannun manomi ya yanke shawarar inda zai kai su.